Takwara a Cikin Sito

Ana manna ƙofar sito ta ƙarshe Injiniya ta sauko daga ofis. Ranar feshi ce: a rufe sito ruf, a saki hayaƙin kashe ƙwari, ba mai shiga sai jibi. Allon bakin ƙofa, wanda ita ta rubuta manhajarsa, ya nuna babu kowa a ciki.

"Aikinki na kyau," in ji Manaja. "Da sai mun bi lungu-lungu muna kwaɗa kira."

Tana murmushi ta ji Maigadi yana tsokanar sabon direba.

"Ina ka baro takwaranka? Har sunan uba fa kun haɗa, ko gado kuka zo rabawa?"

"Baba mai ɗinkin buhu? Tare muka shiga da safe. Ni na riga shi fita."

Injiniya ta juya ta sake kallon allon. Lokacin da take rubuta manhajar, ma'aji iri biyu ne a gabanta, duk yaren kwamfutar ya zo da su. Jeri yakan riƙe duk abin da aka zuba masa, ko sau nawa ya maimaitu. Ita kuwa ta zaɓi wanda ake kira set, don ya fi saurin bincike, kuma ba ya riƙe abu ɗaya sau biyu. Sunaye ta zuba masa, ba lambar katin ma'aikata ba. Mutum biyu sun shiga, ya ajiye suna ɗaya. Direba ya fita, ma'ajin ya goge sunan.

"Wa ya ga fitowar Baba?" in ji ta.



"Ai allo ya ce..." Manaja ya fara.

"Ranka ya daɗe, bar allo! Wa ya gan shi da ido?"

Maigadi ya daina dariya. Ya ce tsohon yakan kishingiɗa bayan buhuna in ya ci abinci, ga shi kunnensa ya yi nauyi.

Ta ruga wajen mai feshi. Ya zare abin rufe fuska, ya ce ai tun ɗazu ya saki hayaƙin ta baya. Bai jira umarni ba, ya mayar da abin rufe fuskar, ya soma yanke mannin da wuƙa.

"Ƙila ya bi ta ƙaramar ƙofa," in ji Manaja, murya ƙasa-ƙasa.

Direba ya lalubo lambar tsohon, ya danna. Kowa ya yi tsit. Injiniya ta kara kunnenta a jikin ƙarfen ƙofar.

Can ciki, wayar ta fara ruri. Ta yi ta yi, har ta katse.