Mma Zelia Ta Wanke Gammo

Gammo saba'in da biyu ne a kan igiyar shanya, an warware kowanne, an wanke shi tas har da bula, sai ɗiga suke yi a tsakar wani gidan haya da ke unguwar Nima. Wadia ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ledar ƙusoshi, ta kasa shiga, ta kasa komawa.

Shekara guda cur ta yi tana tara su. Kusan kullum sai ta bi lungunan kasuwannin Makola da Tudu wurin 'yan matan da ke dakon kaya a ka, ta ba su sabon ƙyalle ta karɓi tsohon gammo, da guminsa da manjansa da jar ƙasarsa. Ta jera su a kan faffaɗan katako yadda suke a naɗe, ta ɗauki hoto ta aika wa wata gasar matasan masu fasaha ta ƙasashen duniya. Cikin mutum ɗari huɗu aka zaɓi goma sha biyu, har da ita. Yau da la'asar wakilin gasar zai zo ya duba aikin kafin a sa shi a akwati zuwa wurin baje koli. Sharaɗinsu kuwa a rubuce yake: abin da ke cikin hoto, shi za a ɗauka.

Ƙusa kawai ta fita saye a unguwar Circle. Awa uku, ba ƙari. Amma wanda ya san Mma Zelia, mahaifiyarta, ya san awa uku sun ishe ta ta wanke rabin unguwa.

"Mma, me kika yi?"

Tsohuwar ta ɗago daga kan baho, hannunta duk kumfa, fuskarta cike da fara'ar wanda ya yi abin a yaba. "Ei, kin dawo? Zo ki gani. Mai manjan nan ya ba ni wahala, wallahi, sai da na sa ruwan zafi sau uku."

"Dattin nan shi ne aikin, Mma! Shi suka zaɓa!"

"Datti suka zaɓa?" Mma Zelia ta miƙe a hankali tana dafe da ƙugu. "Shekara sha ɗaya na yi ina dakon kaya a Makola kafin na auri babanki. A barandar shago nake kwana, amma ban taɓa fita da gammo mai wari ba. Ko ruwan sha ne ya rage mini, sai na wanke shi. Yanzu ki kwashi tsummokaran 'ya'yan mutane ki kai wa oburoni, Turawan nan, su tsaya su ce haka matan arewa suke? Da sunan gidanmu a jiki?"

Haushi ya cika Wadia, kuka na neman ƙwace mata, ga kuma wata kunya da ba ta san daga inda ta ɓullo ba. Ta tambayi 'yan dako sama da saba'in labarinsu, da na'urar ɗaukar murya da komai. Wadda suke kwana ɗaki ɗaya ce kaɗai ba ta taɓa tambaya ba.

Ana idar da sallar la'asar wakilin ya iso, wani siririn mutum mai suna Jamiu, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Mma Zelia ta sa sabon mayafi, ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, ta koma gefe tana jiran yabo. Jamiu ya dubi hoton da ke wayarsa, ya dubi igiya, ya sake duban hoton.

"Ba wannan aka zaɓa ba," ya ce da Turanci. "Wa ya taɓa aikin? Idan ɓarna ce wani ya yi miki, sai in rubuta haka, wataƙila alƙalai su tausaya."

Hanya ce ya buɗe mata, ta kuma gane. Kalma ɗaya ta isa: tsohuwa ce, ba ta san abin da take yi ba. Wadia ta waiwaya ta ga uwar tana gyara zaman mayafi, yatsunta sun yi yaushi saboda ruwan sabulu.

"Ba ɓarna ba ce," ta ce. "Mu biyu muka yi aikin. Ni na tara, ita ta ƙarasa. Ka sa sunanta kusa da nawa."

Jamiu ya ɗauki hoton igiyar, ya ce zai tura wa alƙalai, amma gaskiya kada ta sa rai, don akwai masu jiran gurbin. Ya sha ruwansa ya yi sallama.

Ko bakin layi bai kai ba Mma Zelia ta matso.

"Me ya ce?"

Wadia ta dubi igiyar. "Ya ce sun yi haske, Mma."

"To, kin gani?" Tsohuwar ta taɓa ƙyalle ɗaya ta ji ya sha iska. "Jona mini dutsen guga kafin su ɗauke wuta."