Darbejiyar Baba

Shekara biyu yayana Lado yana shanya itacen darbejiyar nan a saman gidanmu na unguwar Sa'alaba. Marigayi Baba ne ya dasa ta shekarar da ya iso Jidda, aka sare ta da za a faɗaɗa layi. Abu ɗaya Inna ta roƙa: a yi mata rumfa da itacen a tsakar gida, ta koma ƙarƙashin bishiyar mijinta.

Lado kafinta ne, amma irin waɗanda ba a gaya wa magana. Ya tsaga katako takwas, ya samo baƙin man mota ya shafe su tas, wai haka ake maganin gara a Najeriya. Na ce ya bari injiniyan da zai sa hannu a aikin ya gani tukuna. Ya ce yaushe na fara riƙe zarto?

Da injiniya Ra'id ya zo, sai ya tsaya yana kallon katakon kamar an ajiye masa gawayi.

"Ya mu'allim," ya ce wa Lado, "katakon waje da hatiminsa yake zuwa. Na gida kuwa, ƙa'idar gini ta ce sai mai tantancewa ya ga ƙulli da tsaga da idonsa kafin a ɗora masa nauyi. To a nan me zai gani?"

Lado ya ƙwanƙwasa ɗaya da guduma. "Ji ƙararsa! Wallahi ya fi ƙarfe."

"Ni ba ƙara nake sa wa hannu ba. Ka kankare man."

Kwana huɗu Lado yana kankara, ni ina shara ina cika ina batsewa. Ashe man ya shige ciki sosai. Kafin farin itace ya bayyana, kowane katako ya rame.

Mai tantancewa ya zo ya gwada, ya sake gwadawa, har shafa shi ya yi. "Itace mai kyau," ya ce, "amma kaurinsa ya gaza da faɗin yatsa. Ba zai hau sama ba. Halas, magana ta ƙare."

Faɗin yatsa! Ranar takaici ya hana ni cin abinci.

Rumfar ƙarfe aka yi. Lado ya haɗa benci da katakon, ya goge shi har yana ƙyalli, ya ajiye a ƙarƙashinta. Inna ta fito ta daɗe tana kallo, sannan ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa kusa da shi.

"Inna, ki hau mana," in ji Lado.

Ta ce, "Inuwarsa na nema, ɗana. Ban ce zan zauna a kansa ba."