Raymond

Farfesa Odessa Whitlock ta rantse ba za ta je ƙaddamar da littafin nan ba, amma ƙarfe biyu na rana sai ga ta a zauren cocin da ake taron, a kujerar can baya, tana cika tana batsewa.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana zama da Cleophus Tate a kicin ɗinsa a Baltimore, rakoda a tsakaninsu, yana ba ta labarin yadda shaidar zur ta wani ɗan sanda ta cinye masa shekara sha tara a kurkuku. Da abin da ta ji daga bakinsa ta rubuta littafin da ya kai ta farfesa. Sai dai ƙa'idar bincike ta ce a sakaya sunan mai ba da labari, don haka ta raɗa masa Raymond. Sau biyu yana roƙonta ta sa sunansa na gaskiya, tana cewa kare shi take yi.

Yau kuwa ga Dakta Renita Pruitt, wadda Odessa ta koyar da hannunta, ta fito da nata littafin, sunanta da na Cleophus jere a bango. Har wani "Kawu Cleo" take ce masa! Kishi ya turnuƙe Odessa, ko soyayyen kifin da aka miƙo mata ba ta iya taɓawa ba. Ita fa ya fara faɗa wa komai. Ita ta ga kukansa. Abu ɗaya ta zo ji, ya faɗi haka a gaban mutane.

Da Cleophus ya tashi yin jawabi, ya gode wa matarsa, ya gode wa Renita, har da mai soya kifi, ya zauna.

Ta daure ta sayi littafin, ta bi layin masu neman sa hannu.

"A'a, Farfesa! Ashe kina gari?" in ji shi, yana dariya.

"Ina nan, Mista Tate. Na ga ka samu sabuwar 'ya, ka manta da mu."

"Haba, wa zai manta da ke? Kawo littafin."

Ya yi rubutu a nutse, ya rufe, ya miƙa mata. Sai da ta shiga mota ta buɗe.

"Ga Farfesa, da ta fara saurarona," ya rubuta. A ƙasa ya sa hannu: Raymond.