A Sa Duka

Ni na sa aka watsa wa duniya inda Gabdo yake ɓoye. Ba kwamfuta ce ta yi ba, ba kuma Miriyamu ba, ko da yake ita mutane suka zaga.

Sunana Mato, dillalin shanu a kasuwar Mubi. Aji uku na yi a firamare na bar musu kayansu. Da 'yan bindiga suka ci garin a ƙarshen 2014 kowa ya kama gabansa, wasu Yola, wasu tsallaken Kamaru, wasu kan duwatsu. Da aka ƙwato gari muka fara dawowa, ba wanda ya san wa ya mutu, wa ya rayu. Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta ce a yi rajista a sa a intanet, kowa ya nemi nasa a waya. Ni ne shugaba.

Miriyamu ce ta haɗa mana shafin, matar wani malamin makaranta, ta karanta kwamfuta. Sakatarenmu Matiyu shi ke shigar da abin da mutane suka faɗa. Ran da ta gama, ta zaunar da ni ta juyo da allon.

"Baba, kowane mutum a cikin nan gurbi goma sha biyu gare shi. Suna, laƙabi, unguwa, lambar waya, inda yake kwana yanzu, ƙarin bayani, da sauransu. Duk suna ajiye a ciki. Amma ka ga layin nan? Nan na rubuta waɗanda za su fita waje in wayar wani ta tambaya. Uku kawai. Suna, unguwa, yana raye ko ya rasu."

"Sauran taran fa?"

"Na kwamiti ne. Ba sa wuce ƙofa."

Na ce to. Ban gane sosai ba, amma ƙofa na san ta.

Sati biyu sai rigima. Masu suna Bakari goma sha bakwai ne a unguwar Wuro Patuji kaɗai. Wata mata ta ga Bakari, Wuro Patuji, yana raye, ta kwaso 'ya'ya daga Yola a bayan a-kori-kura. Ba nata Bakarin ba ne. A gaban rumfata ta zube tana birgima, mutane na kallona.

Na tafi wajen Miriyamu da zafina.

"Malama, buɗe ƙofar nan. A sa duka."

"Baba, in ƙara laƙabi da sana'a, zai raba Bakarin."

"Sha ɗaya daga cikinsu Bakari Mai Shanu ake ce musu. Ki sa duka."

"Ka ba ni kwana uku in karanta ƙarin bayanin. Mutum dubu da wani abu ne, ban san me Matiyu ya zuba a ciki ba."

"Ni na faɗa masa rabinsu. Akwai abin kunya ne?"

Mu a wajenmu in ka kawo sa kasuwa, buɗe masa baki kake yi, ka nuna haƙora, ka ɗaga kofato. Wanda ya nuna rabi ya rufe rabi macuci ne. Da wannan kan na shiga maganar da ba ta shanu ba.

"Baba, mutane ba shanu ba ne," in ji ta.

"Ke dai kin yi boko kin raina mu. In ba za ki iya ba, in ɗauko wani daga Yola."

Ta jawo kwamfutar. Sannan ta goge kalmomin nan uku, ta rubuta guda ɗaya. Ta ce ma'anarta duka. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Na duba wayar Matiyu na ga rubutu ya cika ta fal, na ji daɗi. Ban iya karanta shi ba, cikar kawai na gani.

Gabdo abokina ne tun muna kora shanun mutane. Ya san dajin nan kamar tsakar gidansa. Shi ya ja mafarauta zuwa kwarin da 'yan bindiga suka tara shanun da suka ƙwace. Mu huɗu muka sani. Bayan haka ya ɓace, yana noman albasa a lambun surukinsa a bakin rafi, bayan garin Gella. Ran rajista na ce wa Matiyu ya rubuta aikin da ya yi, da inda za a same shi, don in kasuwa ta dawo sosai a ba shi rumfar farko. In za ka tsaya wa mutum a ƙungiya, sai ka faɗi abin da ya yi. Na faɗa, na manta.

Kwana shida da buɗe ƙofar sai ga kiransa.

"Mato, wa ke raba lambata?"

"Me ya faru?"

"Mutane na kira suna min sannu da aiki. Wane aiki? Jiya wani ya kira, ya ce kai ne Gabdo na lambu, na ce e, ya kashe."

Dariya na yi. "Ka zama babban mutum, tsoho. Saura a sa ka a rediyo."

"Kanka kamar turmi," ya ce. "Allah ya shirye ka."

Kashegari da azahar Miriyamu ta sauko daga keke tun bai gama tsayawa ba. Ashe tun ranar tana bin bayanan ɗaya bayan ɗaya, ta iso kan na Gabdo. Ta karanta mini da ƙarfi a gaban rumfa, kalmomina ne, ko ɗaya Matiyu bai canza ba.

"Na mayar da ukun," ta ce. "Na rufe."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba, Baba. Abin da ya fita ya fita. Kwana bakwai yana shiga wayoyin mutane."

Na kira Gabdo na ce ya bar wurin yau. Ya ce albasa ta nuna, surukinsa ba shi da ƙafa, jibi zai gama cira ya wuce Yola. Na yi masa ihu. Ya ce ihun in ajiye wa shanu.

Washegari da hantsi mutum biyu suka zo a ƙafa, suka tambayi wata mai wanki ina lambun surukin Gabdo. Ta nuna musu, ta ɗauka masu sayen albasa ne.

A wajen jana'izar Gabdo aka fara cewa matar nan mai kwamfuta ce ta sayar da shi. Na miƙe na ce ni ne. Ba wanda ya so ji, shugaba ba ya laifi a bakinsu. Kafin wata ya ƙare mijinta ya nemi canjin makaranta, suka bar Mubi.

Shafin ya ci gaba da aiki da gurbi uku, yadda ta tsara tun farko. Na sa Matiyu ya gyara na abokina, ya karanta mini. Gabdo. Wuro Patuji. Ya rasu.