Kitson Ƙarshe na Ezell

Zuciya ce, in ji su. Wai zuciyar ƙanena Ezell ce ta buga a kurkukun gunduma. Makaniken da ke kwana ƙarƙashin mota bai taɓa cewa wash ba. Yaran Sherif Gaddis, shugaban 'yan sandan gunduma, sun tare shi don fitilar bayan motarsa ta mutu, ya tambaye su dalili da bakin nan nasa da ba ya mutuwa, kafin Lahadi ta zagayo aka kira Mama ta zo ta karɓi gawa.

Wanda ya yanke cewa zuciya ce Mista Purvis Tate ne. Shi muka zaɓa mai binciken gawa na gunduma, shi ne kuma mai gidan shirya gawa ɗaya tilo a garin. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, kuma tare suke kamun kifi da Sherif. Shi zai faɗi abin da ya kashe ka, shi zai shafa maka hoda, shi zai kai ka rami. In ƙasa ta rufe, magana ta ƙare, kuma da tsakar ranar nan za a rufe ta.

Da safe na je gidan gawar Mista Tate da mataji da man kitso. Tun Ezell yana rarrafe ni nake masa kitso, ba zan bar wani ya yi masa na ƙarshe ba.

"Renita, 'yata," in ji Mista Tate, yana murza hannu, "ki ɗan gyara gaban kawai. Kada ki ɗaga kan, na riga na saita shi."

"Mista Tate, ka taɓa ganin an yi kitso rabi?"

"Don sauƙin zuciyarki na faɗa."

"Ka bar mini zuciyata. Kai ai kowace zuciya ka duba sai ta buga."

Ya fita yana gunaguni. Na ɗaga kan.

Na san kan nan fiye da tafin hannuna, har tabon da ya samu da ya faɗo daga keke. Bayan kunnen hagu yatsuna suka nutse. Ƙashin ya lotsa, an cike ramin da kakin zuma, an ɗinke fatar, an baje gashi a kai. A wuyansa kuwa hoda ce jibge, wadda ko amarya ba za ta yarda da ita ba. Ban yi kuka ba. Wani irin haushi ne ya taso mini.

Na zauna na yi kitson a tsanake. Na ja tsaga ta bi ta tsakiyar wurin, na kwashe gashin duka na kitse shi zuwa dama, ɗinkin ya fito fili. Sannan na mayar da kan yadda na same shi, matashin kai na akwatin gawar ya rufe komai.

Coci ya cika maƙil, mata suna ta fifita, akwati a buɗe a gaba. Mama tana layin farko da farar hularta. Tun ranar da aka kira ta ba abin da take cewa sai "nufin Ubangiji ne", kuma wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Fasto na cikin addu'a sai ga Sherif Gaddis, hula a ƙirji. Zaɓen kujerarsa ya ƙarato, ko kare aka binne sai ya zo.

Ya miƙa wa Mama hannu. "Misis Odessa, duk ofishinmu na taya ki baƙin ciki. Yarana sun yi iya ƙoƙarinsu a kansa."

"Sun yi kuwa," na ce. "Mama, taso ki ga ƙoƙarin."

Na je na juya fuskar Ezell zuwa bango. Mista Tate ya zabura, Kawu Lucius ya sa sandarsa ya tare masa hanya.

"Zauna, Purvis," in ji Kawu. "Ka yi naka aikin, bari yarinya ta nuna nata."

Mutanen layin baya suka miƙe, wayoyi suka fara fitowa daga jaka.

Mama ta taso a hankali. Ta daɗe tana kallon ɗinkin. Ta sa yatsa ta taɓa, yadda take taɓa goshinsa in yana zazzaɓi. Sai ta ciro farin hankicinta, ta jiƙa da yawu, ta shiga goge masa wuya. Hoda ta fita, wani shati ya bayyana, baƙi, faɗin sandar ɗan sanda, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Misis Odessa," in ji Sherif, "ba nan ne wurin wannan magana ba. Ki zo ofis mu zauna."

"Shi ma ofishinka ya je, Gaddis."

Har lokacin hannunsa na miƙe, ya manta bai janye ba. Mama ta naɗe hankicin da ya yi dumu-dumu da hoda, ta sa masa a tafi, ta lanƙwashe masa yatsu a kai.

Sannan ta jawo kujera ta zauna jikin akwatin, ta ɗora hannu a kan kitson.

"Fasto," ta ce, "aika a gaya wa masu haƙa su tafi gida. Ba wanda zai sa mini ɗa a ƙasa sai likita na gaskiya ya ga wannan."