Kejin Genzo

Genzo ya zaro ƙafarsa daga taɓo da ƙyar, ya juye dusar shinkafa cikin kejin ƙarfen, ya bar ƙofar a ɗaure sama kamar kullum. Kwana ashirin ke nan yana ciyar da aladun daji a banza.

"Wai tarko ka ɗana, ko gidan abinci ka buɗe musu?" Maƙwabciyarsa Tomie ce ta ɗaga murya daga bakin gonarta, ta riƙe ƙugu.

"Ke dai yi haƙuri, tsohuwa. 'Ya'yan ne kawai ke shiga. In na rufe a kansu uwar ta gani, shi ke nan, ita da keji har abada."

"Wace ce tsohuwa? Ji min mutum! Da shekara uku ka girme ni."

Su biyu suka rage a ƙauyen da a da yake da gida arba'in. Sauran gonakin duk sun koma fadama, aladu sun mai da su wurin birgima. Alade kuwa in ya yi birgima a gonar shinkafa, wari ya kama ta, ko kare ba zai ci ba. Ɗan Tomie da ke birnin Osaka ya riga ya yanke magana: in aladu suka sake ɓata shinkafarta bana, zai zo ya ɗauke uwarsa. Genzo bai gaya wa kowa ba, amma maganar nan ta fi mutuwa ba shi tsoro.

Ranar da ya ga sawun uwar har ƙuryar kejin, ya ɗana. Washegari da sassafe sai ga ta ciki, jibgegiya, tana huci tana dukan ƙarfe. Ko mashin kashe ta bai tsaya ɗaukowa ba, ya nufi gidan Tomie, taɓo har gwiwa.

Mota ya tarar a ƙofa ana loda kaya.

"Na kama ta! Shinkafarki ta tsira!"

"Sannu da ƙoƙari, Genzo." Ta kasa haɗa ido da shi. "Ba aladen ba ne, gwiwoyin nan ne. Tun kafin shuka na amsa wa yaron, na rasa ta inda zan fara gaya maka. Ka girbe, ka ci."

Ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya koma fadama ya zauna kan buhun dusa. 'Ya'yan suna ta kuka cikin ciyawa. Ya daɗe yana kallon uwar, ita ma tana kallonsa.

Can sai ya hau saman kejin ya ja ƙofar sama. Da uwar ta ɓace cikin ciyayi, ya sauko ya juye ragowar dusar, don gobe ma a samu mai zuwa.