Kwalin da Ya Rage a Kan Tabarma

Wanda bai san gidan su Safiyanu na cikin Birni ba, sai ya ce Ramlatu ta dace da suruka. To, ta dace ɗin, amma dace ne mai igiya a ƙafa. Inna, uwar mijin nata, mace ce da ba ta manta alheri, wanda ta yi da wanda aka yi mata. Ranar buɗar kai tunkiya ta ba Ramlatu, fara mai baƙin kunne, kuma har gobe in tunkiyar nan ta yi kuka sai Inna ta ce, "A ba tunkiyata dusa," kamar ba da hannunta ta bayar ba.

Da Ramlatu ta samu aikin koyarwa na kwantaragi a lakwal, wato makarantar boko ta unguwa, Inna ba ta hana ba. Ɗanta ta kira, ta faɗa masa a gaban matar.

"Safiyanu, na yarda ta je. Amma boko wanke ido yake. Ranar da na ga aikin nan ya cire mata kunya, ranar za ta ajiye alli."

Safiyanu ya ce to. Shi dama tun da ya yi wayo bai taɓa ce wa Inna wata magana ba sai to.

Ajin farko aka ba ta, rumfar zana a gindin wani dutse, yara maƙil sai ka ce 'yan tsaki. A lakwal ɗin da Hausa ake fara karatu kafin a shiga Faransanci. Littafi bai ishi kowa ba, don haka Ramlatu ta bi shagunan unguwa tana roƙon kwalin sabulu da na shayi. Ta yayyanka, ta rubuta wa kowane yaro sunansa da manyan baƙaƙe. Kullum da safe sai ta baje kwalayen a kan tabarma, ta ɗaga ɗaya, ta kira sunan, yara su tafa shi gaɓa-gaɓa. Gam-bo, tafi biyu. Ra-ha-ma, tafi uku. Mai suna ya fito ya karɓi abinsa, ya je wurin tire mai yashi ya zana baƙin farko da yatsa. Kafin sanyi ya shigo, yaran da suka zo ba su san riƙon alli ba sun fara gane baƙaƙen sunansu a jikin buhun shinkafa da bayan mota.

Duk ajin, yarinya ɗaya ce ba a taɓa tafa sunanta ba, ita ce Ummi, 'yar Ramlatu ta fari. A ɗakin kakarta take kwana, uwarta kuwa Yaya take ce mata. Sunan yanka na yarinyar nan sunan Inna ne. Ka ga kunya biyu ta haɗu a suna ɗaya, ta 'yar fari da ta uwar miji. Tun ranar da aka raɗa shi bakin Ramlatu bai taɓa furta shi ba. Darakta, shugaban lakwal ɗin, Mushe Yakuba, wato Malam Yakuba da Faransanci, ya ce a kwali sai sunan da ke takardar haihuwa, ta rubuta, tunda hannu ba baki ba ne. Sai ta yi dabara. Kullum kwalin Ummi take bari ƙarshe, in an gama sai ta kawar da kai ta ce, "Wanda ya rage, mai shi ya ɗauka." Ummi ta tashi ta ɗauka. Haka aka yi ta tafiya, ba wanda ya ce uffan.

Sai aka aiko cewa konseye zai zo, wato mai duba yadda malamai ke koyarwa. Mushe Yakuba ya kira Ramlatu gefe.

"Madam, Mushe Bitrus ne zai zo. Ba ya cin na kowa, ba ya kuma rufa wa kowa. 'Yan kwantaragin da bai gamsu da su ba, ƙauye ake tura su. An ce Dakusa na neman malamai."

Ramlatu ta san ba mai barinta ta tafi Dakusa. In an tura ta, aikin ya ƙare ke nan.

Ranar ta zo. An yayyafa ruwa an share, yara sun sha mai a ƙafa. Abin da Ramlatu ba ta sani ba, darakta ya gayyato shugabar iyaye mata don a tarbi baƙo. Shugabar kuwa Inna ce, kuma rabin zanar da aka kewaye ajin da ita daga gonarta ta ƙauyen Dogo aka kawo. Wanda ya ba ka inuwa ai ba ka hana shi zama a ciki. Aka sa mata kujera a bayan aji, ta zauna da carbinta, ta gyara mayafi.

Mushe Bitrus dogo ne, siriri, da tabarau a kan hanci. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya zauna a benci tare da yara, gwiwoyinsa har haɓa. Yara suka ƙunshe dariya.

Aka fara. Ramlatu ta ɗaga kwali, ta kira, aka tafa. Gambo ya fito da gudu har ya yi tuntuɓe. Rahama ta zana baƙinta a yashi, ta shafe, ta sake don a gani. Mushe Bitrus yana gyaɗa kai. Zuciyar Ramlatu ta fara kwanciya, idonta kuwa yana kan kwalin nan da ta tura can gefen tabarma.

"Madam, dakata," in ji Mushe Bitrus. "Yara wayo gare su. In kullum jeri ɗaya kike bi, jerin za su haddace, ba baƙaƙen ba. Bari in zaɓa miki."

Ya miƙa dogon hannunsa. Kwalaye sun fi ashirin a kan tabarmar nan, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gefen ya ɗauko, ya miƙa mata.

Ramlatu ta karɓa. Ta ji kwalin ya yi nauyi kamar turmi. Ba ta dubi bayan aji ba, amma ta ji ƙarar carbi ta tsaya.

"Yara," ta ce, "ku dubi baƙin farko. Wa ya san shi?"

Wata 'yar ƙarama mai suna Hajara ta zaburo. "Nawa ne, Madam." Ta zo ta leƙa, ta ga farkon irin nata ne amma ƙarshen ba nata ba, ta koma tana tura baki.

"Madalla, ta lura," in ji Mushe Bitrus. "Amma madam, ke za ki fara faɗi. Malami ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Haka kika yi wa sauran. Kira sunan."

Ramlatu ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Mushe Yakuba, wanda sai yanzu ya gane ramin da ya haƙa, ya lallaɓo ya yi wa baƙon raɗa a kunne. Mushe Bitrus ya dubi Ramlatu, ya waiwaya ya dubi Inna, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Na gane," ya ce a hankali. "Ni ma ɗan garin nan ne. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babban wana ba. Kawo, ni in kira miki."

Ya ɗaga kwalin. "Hafsatu. Ina Hafsatu?"

Ba wanda ya motsa. Yara suna duban juna. Ummi kuwa, can a layi na biyu, ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta.

"Ita ce wannan?" in ji baƙon. Darakta ya gyaɗa kai. Mushe Bitrus ya matsa kusa da ita, ya sassauta murya. "'Yata, wannan kwalin naki ne?"

"Nawa shi ne wanda ya rage."

"To me aka rubuta a jikinsa? Faɗi tare da ni. Haf..."

Ummi ta girgiza kai, hawaye ya cika mata ido. "Ba a faɗi. Zagi ne."

Mushe Bitrus ya ƙara sunkuyowa kusa da ita.

"Wa ya ce miki zagi ne?"

"Ran nan ɗan Baba Mahamud ya faɗa a tsakar gida, Yaya ta buge masa baki. Ta ce kada ta ƙara jin wannan a bakin yaro."

Ramlatu ta tuna ranar. Ladabi ta koya wa yaron, ashe ga abin da 'yarta ta kwasa. Ta saci kallon bayan aji. Inna ta miƙe zaune, fuskarta a ɗaure tamau. Sunan da mahaifinta ya raɗa mata, sunan da ta ba jikarta don ƙauna, shi ne yau aka kira zagi a gaban baƙo.

Mushe Bitrus ya tashi. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Madam, aikinki na da kyau, na gani da idona. Amma yarinyar nan tun farkon shekara take zaune a nan, kowa ya san baƙin sunansa ban da ita. Ni na faɗa, ba ta karɓa ba. Ko sau ɗari zan faɗa ba za ta karɓa ba. Ban ce ki yi abin da ba za ki iya ba. Abin da na gani dai shi zan kai."

Ya ajiye kwalin a kan tabarma, ya koma ya zauna.

Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, Dakusa. In ta faɗa, ga Inna zaune, ga maganar da ta yi wa Safiyanu. Ko ta ina, allin ya fita hannunta. Ramlatu ta tsaya tana duban Ummi, yatsu a kunne, majina na zuba, ta ƙudundune kamar wadda aka kama da sata. Sai ta ce a ranta, tunda aikin tafiya zai yi, kada ya tafi ya bar yarinyar nan da tsoron sunanta.

Ta ɗauki kwalin. Ta juya wajen Inna, ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye. Inna ta bi ta da ido. Ramlatu ta miƙe, ta je gaban 'yarta, ta zare mata yatsun daga kunne.

"Dube ni. Ba zagi ba ne. Sunan manya ne, shi ya sa ake ɓoyonsa." Ta ɗaga kwalin yadda kowa zai gani. "Hafsatu."

Darakta ya dubi ƙasa. Ramlatu ta tsaya tana jiran ƙarar kujera da takun fita.

"Na'am," in ji Inna daga bayan aji.

Muryar ba daɗi a cikinta ko kaɗan. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ratso tsakanin yara suna janye ƙafafu, ta tsaya a kan Ummi.

"Takwara, tashi. Ana kiranmu kina zaune? Ubana Malam Alkasum ne ya raɗa sunan nan, da rago biyu. Wa ya ce miki ana yanka wa zagi rago?"

Ummi ta tashi tana jan hanci.

"Ke kuma," ta ce da Ramlatu ba tare da ta dube ta ba, "tunda kin fasa ƙwan, ai sai ki soya. Yaya ake tafin?"

Ramlatu ta tafa. Haf-sa-tu. Yara suka ɗauka. Aka sake. A karo na uku bakin Ummi ya motsa. Ta karɓi kwalin, ta je wurin tire, Ramlatu ta kama yatsanta suka ja sanda biyu a tsaye da ɗaya a kwance. Ta shafe, yarinyar ta yi ita kaɗai. Ya karkace, amma shi ne.

Inna ta leƙa yashin. "Wannan ne ni? Kamar tsani mai taki ɗaya."

Gambo ya fashe da dariya, sauran suka bi. Inna ba ta yi ba.

Da aka tashi, Mushe Bitrus ya hau babur ɗinsa, ya ce da darakta a gaban Ramlatu, "Ku bar mata ajinta." Rabin magana ke nan. Sauran rabin tana gida.

Suka kamo hanya, Inna a gaba, Ramlatu a baya da tire a ka, Ummi a tsakiya rungume da kwalinta. A haka suka shiga lungunan Birni. Safiyanu na zaune a zaure. Ya dubi fuskar uwarsa, ya dubi ta matarsa, ya miƙe tsaye.

"Safiyanu, matarka ta kira sunana yau a gaban mutane."

Safiyanu ya sunkuyar da kai, Inna ta ci gaba.

"Ta durƙusa kafin ta kira, na gani, na ajiye mata wannan. Gobe ta koma aikinta. Amma bakin aji daban, bakin gida daban. Zanar nan ita ce iyaka. Ranar da na ji shi a tsakar gidan nan, ta san sauran." Ta cire takalmi. "Kuma tunkiyata ciki gare ta. Abin da ta haifa nawa ne, sunana ba a kiransa kyauta."

"To," in ji Safiyanu.

"Na gode, Inna," in ji Ramlatu.

Ummi ta riga ta shige ciki. Daga wajen turken tunkiya suka jiyo tafi uku da 'yar murya tana rarraba sunan.

Inna ta tsaya da takalmi a hannu. "Wannan ita ban da iko da ita," ta ce. "Nata ne."